Yumai: garin da hatsi ba ya nuna, amma ƙasashe biyu sun zuba masa ido

Malam Nura: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga wani wuri da nake so mu tattauna a kansa, sunansa Yumai, wasu na rubuta shi Yume. Ƙaramar gunduma ce a ƙarƙashin Lhunze, a yankin Shannan na kudancin Tibet da ke ƙarƙashin Sin, dab da iyakar Sin da Indiya. Tana cikin wani kwari a gangaren kudu na tsaunukan Himalaya, tsayin wurin daga teku ya kai mita 3,600. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne, wato mutanen Yumai suna kwana suna tashi sama da ƙololuwarsa da fiye da mita 1,000. Daga hedkwatar Lhunze zuwa can kusan kilomita 200 ne, kuma sai an haura mashigar dutsen Rila, wadda ta kai mita 5,000. Abin da ya sa sunanta ya fito shi ne, daga 1964 zuwa 1996 gida ɗaya tak ke zaune a duk gundumar, har ta kai mutum uku suka rage: wani dattijo Sangye Chopa da 'ya'yansa mata biyu, Drolkar da Yangzom. A 2017 gida 9 ne, mutum 32. Zuwa 2021 an ƙirga gida 67, mutum 234. Tambayata ita ce, me ya kwashe mutanen tun farko, kuma me ya dawo da su?

Hajiya Rabi: Wa'alaikumus salam Malam. Ni kafin a je nesa, me suke ci? Mutum uku a tsakiyar duwatsu, ba kasuwa ba maƙwabci.

Malam Nura: Hajiya, kin taɓo jijiyar maganar. Mafi yawan Tibet busasshiyar ƙasa ce, domin Himalaya na tare iskar damina da ke tasowa daga tekun Indiya. Amma Yumai tana ɓangaren da iskar ke bugowa, kwarin kamar ƙofa yake gare ta. Saboda haka ruwa da hazo ba sa ɗaukewa, rana ba ta samun fitowa yadda ya kamata. Sha'ir, wanda shi ne abincin 'yan Tibet, yakan tsiro ya yi kara, ya yi kore shar, amma ƙwayar ba ta nuna. Ciyawa kuwa ga ta nan, ga daji, ga gora. To dole hatsi daga waje za a kawo shi. Kafin hunturu sai a kora shanun nan nasu masu gashi, yak, a tsallaka Rila da su, a ɗoro musu buhunan sha'ir a dawo. Daga wajen Nuwamba dusar ƙanƙara ta rufe mashigar, sai bayan kusan wata shida. Wanda bai tara abincinsa ba kafin lokacin ya shiga uku.

Bello Gembu: Malam, ashe makiyaya ne ba manoma ba. Wannan na gane shi. Yak ɗin nan ana tatsarta kamar saniya?

Malam Nura: Ana tatsa, Bello. Nonon bai kai na saniya yawa ba amma ya fi maiƙo. Suna fid da man shanu, suna yin cuku su busar da shi har ya yi tauri, ya daɗe bai lalace ba. Shayinsu ma da man shanu da gishiri ake kaɗa shi, sai a kwaɓa garin soyayyen sha'ir a ciki da hannu, a dunƙula a ci. Gashin dabbar a yi igiya da tanti, kashinta a busar a hura wuta, ita kuma ta yi dako. Man da cukun su ake musaya da hatsi a ɗaya gefen dutsen, tare da kwanduna da sauran kayan saƙar gora.

Ummi: Yaya Nura, to in wurin haka yake, me ya kai kakanninsu can? Ai kafin su koma uku an ce suna da yawa.

Barista Aminu: Ƙanwata, bari in karɓi wannan, domin shi ne ɓangaren da jaridun Sin ba sa tsayawa a kai. Yumai tana gefen wani dutse da mabiya addinin Buddha na Tibet ke girmamawa ƙwarai, Dakpa Sheri, a yankin da ake kira Tsari. Tsayinsa ya haura mita 5,700. Kowace shekara masu ziyara na zuwa su kewaya shi ta gajeriyar hanya. Sannan duk shekara 12, a shekarar biri ta kalandarsu, akwai babbar kewayawa da ke tara dubban mutane daga ko'ina a Tibet. Ana tashi daga ƙauyen Migyitun, a gangara ta bakin kogin Tsari har inda ya haɗu da kogin Subansiri, a bi Subansiri sama zuwa wajen Taksing, sannan a hauro ta kwarin Yume. Kin ga Yumai zango ce, inda matafiyi ke fitowa daga dajin ƙasa ya dawo cikin 'yan'uwansa.

Kuma saboda tsarkin da suke ba dutsen, an hana huɗa ƙasa da farauta a kewayensa. Mutanen ƙauyukan nan aikinsu kiwo ne da kula da masaukan baƙi da dakon kayan masu ziyara, kuma an yarje musu su zaga sauran Tibet suna karɓar sadakar hatsi da sunan dutsen. Ƙasan hanyar kuwa ƙasar mutanen Tagin ce, waɗanda ba 'yan Tibet ba ne. Gwamnatin Lhasa, babban birnin Tibet, sai ta biya su, da gishiri da yadi da takubba da duwatsun ado, kafin su bar ayarin ya wuce lafiya. Babbar kewayawa ta ƙarshe a 1956 aka yi ta. Tun daga nan ba a sake ba, domin hanyar ta ratsa abin da yanzu ya zama iyakar ƙasa biyu masu gaba.

Hajiya Rabi: Allah Sarki. Wato kasuwarsu ce ta mutu.

Barista Aminu: Haka ne Hajiya, kuma a cikin shekara uku kacal komai ya rikice. A Maris na 1959 Dalai Lama, jagoran addini da mulkin Tibet na lokacin, ya tsere daga Lhasa, ta Lhunze ɗin nan ya bi, ya shiga Indiya a ƙarshen watan. A Agusta na shekarar sojojin Sin da na Indiya suka yi musayar wuta a Longju, kusa da Migyitun. A 1962 aka yi yaƙi sosai. Jaridun Sin da kansu sun ce kafin nan Yumai na da gida wajen 20. Suka watse.

Injiniya Bashir: Barista, ban musa tarihin ba, amma ka ba da rabi ka bar rabi. Kana maganar zamanin ziyara kamar kowa na jin daɗi. Talakan Tibet na wancan lokaci yana ƙarƙashin masu ƙasa da gidajen ibada, ana sa shi dakon dole ba biya. Kuma ba tsoro kaɗai ya kwashe mutanen Yumai ba. Da aka fara rabon gonaki da gina gidaje a wuraren da hatsi ke yi, mutane suka tsallaka dutse suka koma can. Wa zai zauna inda ba ya iya noma in an ba shi gona? Sangye Chopa ma an kwashe shi, shi ne ya kora shanunsa ya dawo. Ku duba abin da zaman ya ci masa: matarsa ta kwanta rashin lafiya, kafin a tsallaka dutse da ita a kai ga magani lokaci ya ƙure. Ƙaramar 'yarsa kuma sanyi ya kashe ta a kan hanyar Rila. Wannan ita ce rayuwar da babu titi. Titi bai iso ba sai 2001, shekarar da dattijon ya rasu. Ni da na yi aikin hanya a ƙauyuka na san abin da ake nufi da a ɗauko mara lafiya a kafaɗa. Yau akwai kwalta, an jona su da babban layin lantarki, ga makarantar firamare, ga ɗakin shan magani, ga sabis na waya. In wannan ba ci gaba ba ne, me za a kira shi?

Barista Aminu: Injiniya, ba wanda ya ce titi sharri ne. Tambayar Malam ita ce me ya dawo da mutane. Ka duba kwanan wata. A Oktoba na 2017, bayan babban taron jam'iyyar Kwaminis mai mulkin Sin da kwanaki kaɗan, Shugaba Xi Jinping ya rubuta wa Drolkar da Yangzom wasiƙa yana yaba musu da tsaron ƙasa. A wannan shekarar sojojin Sin da Indiya suka yi cirko-cirko a Doklam, wani tudu da Sin da Bhutan ke jayayya a kansa, fiye da wata biyu. A wannan shekarar kuma hukumomin Tibet suka ƙaddamar da shirin gina ƙauyuka 628 na kan iyaka, da kuɗi yuwan biliyan 30 da ɗoriya. Shekara biyu bayan wasiƙar, Yumai ta tashi daga gida 9 zuwa gida 56. Ba haihuwa ba ce ta yi wannan, kawo mutane aka yi. A 2021 aka ba Drolkar lambar yabo mafi girma ta jam'iyya. A farkon 2022 sabuwar dokar iyakokin ƙasa ta fara aiki, wadda ta ɗora wa mazauna iyaka nauyin taimaka wa tsaro. Ba don sha'ir ya fara nuna aka gina garin ba.

Injiniya Bashir: To sai me? Kowace gwamnati da ta san ciwon kanta tana raya iyakarta. Indiya ma ai ta kwaikwaya. A 2023 ta fito da nata shirin raya ƙauyukan iyaka, ministan cikin gida ya je har ƙauyen Kibithoo a jihar Arunachal Pradesh da ke kan iyakar ya ƙaddamar, saboda ƙauyukansu na wannan gefen suna zama kufai, matasa na gudu birni. Laifi ne don Sin ta riga su?

Modu: Ku ba ni dama in sa baki, domin mu na tafkin Cadi mun ga irin wannan da idonmu. Da ruwan tafkin ya ja baya, mutanenmu masunta da manoma suka bi shi, suka kafa garuruwa irin su Darak. Hukumomin Nijeriya suka bi su da makaranta da 'yan sanda da karɓar haraji. Da aka je kotun duniya, Nijeriya ta kafa hujja da cewa mutanenta ne a wurin kuma ita ke mulkinsu. A Oktoba na 2002 kotu ta ce takardun iyaka na zamanin Turawa su ne abin bi, zama bai ture takarda ba. A ƙarshen 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka fiye da 30. Don haka, Barista, in dabarar Sin ita ce zuba mutane don su zama hujja, a shari'a ba lallai ta ci ba.

Barista Aminu: Malam Modu, ka kawo misali mai kyau, sai dai akwai bambanci biyu. Na farko, Nijeriya da Kamaru kotu ce ta raba su. Sin da Indiya ba su kai maganarsu gaban kowa ba, kuma ba alamar za su kai. Na biyu, takardar da Indiya ke riƙe da ita, layin iyaka na McMahon da aka zana a taron Simla na 1914 tsakanin Ingila da Tibet, Sin ba ta taɓa amincewa da ita ba. Ita tana kiran Arunachal Pradesh kudancin Tibet. Inda ba alƙali kuma ba takardar da kowa ya yarda da ita, wanda ke da titi da gari da mutane a ƙasa shi ke da ƙarfi a teburin sulhu. Yumai ita kanta tana arewa da layin, Indiya ba ta jayayya a kan garin. Amma faɗin da Sin ke ba gundumar, murabba'in kilomita 3,644, ya zarce abin da ke hannunta, ya shiga ƙasar da Indiya ke riƙe da ita. Makiyayin da ya kora yak kudu, a idon Beijin yana cikin gundumarsa ne.

Ummi: Yaya, ni abin da ya tsaya min a rai matan nan biyu ne. Shekaru suna zaune su kaɗai da mahaifinsu. Ashe ba su yi aure ba?

Malam Nura: Sun yi, ƙanwata, amma a makare. Kuma ba zaman gida kawai suka yi ba. Da mahaifin ya yi ritaya daga shugabancin gundumar a 1988, Drolkar ce ta zama shugabar gundumar, Yangzom mataimakiya. Hukuma guda cikakkiya, amma 'yan gida ɗaya ne shugabanni kuma su ne talakawa. Ana ba da labarin yadda dattijon ya sayo jan yadi da rawaya ya ɗinka tutar Sin da hannunsa ya kafa a kan gidansu. A lokacin hunturu sukan kora dabbobin can kudu cikin daji, kiwo ne kuma sintiri ne. Duk abin da mutum zai ce game da siyasar, juriyar matan nan ba ƙarya ba ce.

Hajiya Rabi: Ni dai har yanzu ina kan maganar ciki. Mutum 234, hatsi ba ya yi. Kuɗin daga ina? Domin na san shago ba ya tsayawa sai da mai saye.

Injiniya Bashir: Hajiya, akwai masaukan baƙi da iyalai suka buɗe a gidajensu, akwai shaguna da wuraren shan shayi da abinci. Masu saƙar gora sun haɗa ƙungiya suna sayarwa. Ana noman kayan lambu a rumfunan leda, abin da da can ba a san shi ba. Masu yawon buɗe ido daga cikin Sin suna zuwa ganin garin da shugaban ƙasa ya rubuta wa wasiƙa. Lhunze ma ta samu filin jirgin sama a 2023.

Hajiya Rabi: Injiniya, ka lissafo min rassa, ni gindin nake tambaya. Masu sayen shayin su wane ne? In ma'aikatan gwamnati ne da sojoji da 'yan kwangila da tawagar da aka turo ziyarar koyi, ai kuɗin gwamnati ne ya zaga ya shiga aljihun mai shago. Na yi sana'ar abinci kusa da wani kamfanin gini, na san yadda ciniki ke tsayawa cak ranar da suka naɗe kayansu.

Malam Nura: Hajiya ta yi gaskiya, kuma hukumomin ma ba su ɓoye ba. Babban kaso na abin da gida ke samu a irin waɗannan ƙauyuka tallafi ne: alawus na zama a kan iyaka, albashin sintiri, albashin gadin daji da ciyawa. Gidajen ma gwamnati ce ta ɗauki mafi yawan kuɗin gininsu. Ni ga yadda nake ganin amsar tambayata. Ƙasar Yumai tana iya ciyar da dabba, amma ba ta taɓa ciyar da gari ita kaɗai ba. A da, masu ziyara da gwamnatin Lhasa ne ke buƙatar mutane a kwarin, hatsi ya riƙa shigowa da sunan dutse. Da ziyara ta tsaya, garin ya koma gida ɗaya. Yanzu Beijin ce ke buƙatar mutane a kwarin, hatsi na shigowa a mota da sunan iyaka.

Injiniya Bashir: Malam, na yarda da wannan, amma ban ga aibu a ciki ba. In ƙasa na buƙatar ka zauna a wuri mai wuya, ta biya ka, ta kawo maka wuta da likita, ai ciniki ne na adalci. Gara haka da a bar ka ka tsare iyaka da yunwa.

Barista Aminu: Adalci ne in mutum na da ikon cewa a'a. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2024 cewa tun 2016 an tashi ko ana kan tashin ƙauyuka 500 a Tibet, mutum fiye da 140,000, kuma jami'ai kan yi ta zarya gida-gida har sai mai gida ya sa hannu. Sin ta ce da yardarsu ne. Game da waɗanda suka koma Yumai, jaridun gwamnati sun ce su suka nema, kuma mai yiwuwa ne, tunda gida da alawus ba abin rainawa ba ne. Matsalar ita ce baƙo ba ya shiga Tibet sai da izini na musamman, yankin iyaka kuma sai da wani izinin a kan wancan. Ɗan jarida mai zaman kansa ba ya zuwa ya zauna da matar gida ya tambaye ta. Duk muryar da ke fitowa daga Yumai ta bi ta hannun hukuma. Kuma akwai wani abu, Injiniya: farar hular da aka ba albashin sintiri, ranar da rikici ya tashi, a wane sahu abokin gaba zai sa shi? Da matarsa da 'ya'yansa a gidan.

Injiniya Bashir: Wannan ta ƙarshen ta dame ni ni ma, ba zan ɓoye ba. Sai dai tun 1962 ba a yi yaƙi a wannan kwarin ba, kuma yaron da aka haifa a can yau yana zuwa makaranta a ƙafa, ba a bayan yak ba.

Modu: Su kuma Tagin na ɗaya gefen fa? Su da ake biya da gishiri.

Barista Aminu: Suna nan a Taksing da kewayenta, a gundumar Subansiri ta Sama. Da can gishirinsu da ulunsu daga Tibet suke zuwa, tafiyar 'yan kwanaki. Da aka rufe iyaka sai suka zama ƙarshen hanya a ƙasarsu, shekaru da dama jirgin sama ne ke jefa musu kaya, titi bai kai gare su ba sai 'yan shekarun nan. Kogin da ya wuce ta ƙofar Yumai shi ne ke gangarawa wajensu, ya shiga Subansiri, ya faɗa kogin Brahmaputra a jihar Assam ta Indiya.

Bello Gembu: Ni abin da zan so a duba shi ne dabbobin. Kiwo a dutse aikin mai ƙarfi ne, kuma tun ana yaro ake koyonsa: sanin wace ciyawa ce ke kumbura ciki, wane gangare ne ke zaftarewa bayan ruwa, yaushe za a hau sama yaushe za a sauko. Waɗanda aka kawo daga wuraren noma ba su taso da sanin wannan kwarin ba. 'Ya'yan tsofaffin gidajen kuma firamare kawai ke garin, daga nan sai makarantar kwana a bayan dutse, su dawo hutu kawai. Malam, cikin gida 67 ɗin nan, waɗanda ke iya kora garke su kwana a daji cikin hunturu kamar yadda matan nan suka yi, su nake so a ƙirga. Mota tana kawo sha'ir, amma ba ta hawa inda yak ke hawa.

Malam Nura: Tambaya ce mai nauyi, Bello. Drolkar da Yangzom duk sun haura shekara 60 yanzu. Ɗan Yangzom, wanda shi ne na farko daga garin da ya gama jami'a, ya dawo gida a 2017, amma aikin gwamnati ya kama a ofishin gundumar.